Bindiga a Cikin Fanteka

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah na jawo turmi, na kife shi, na hau don in sauke kwanukan jerena in wanke. Haka nake yi kowace shekara, haka duk matan layinmu suke yi. Maza ne kawai ba su san da wannan ba. Su a ganinsu kwanukan da mace ta jera a saman kabad tun tana amarya ado ne, ba mai taɓa su sai ranar rabon gado. Da ɗana ya san ana sauke su, da ya nemi wani wurin ajiya, da kuma ban san inda wannan labari zai ƙare ba.

A Kwararafa muke zaune a lokacin, cikin garin Jos, shekarun da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Maigidana direban babbar mota ne. A wannan shekara motarsa ta lalace can wajen Maiduguri, ya aiko cewa ƙanensa ya yanka mana rago, kada a jira shi. Daga ni sai yara a gidan.

A can ƙololuwar jeren akwai wata fanteka, babban kwano mai murfi da zanen jajayen furanni. Da na ɗago ta sai na ji nauyin da ban san ta da shi ba. Na sauko a hankali, na zauna bakin gado, na buɗe. Wani abu ne naɗe cikin tsohuwar singileti, kuma singiletin na gane ta, don ni na yi mata faci a kafaɗa. Na warware. Bindiga ce 'yar gajeruwa, ƙirar maƙera, ƙotarta ta itace an ɗaure da waya. A gefenta ga gwangwanin madara da harsasai a ciki.

Ban yi ihu ba. Ni da ake ji na tun daga bakin famfo in yaro ya fasa mini tulu, ranar nan bakina ya mutu. Na zauna da ita a cinya ina kallonta.

Mai singiletin ɗana ne na fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In zan yi maganarsa sai in ce “wancan”. In ina so ya ci abinci sai in ce wa ƙanwarsa, “Ki gaya wa wancan tuwo zai huce,” ko da yana tsaye a gabana. 'Yan zamani suna yi mana dariya a kan wannan kunya, wasu ma su ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Amma ba zan ɓoye ba, ranar nan na ji haushin kunyar nan, don ga ɗana ya ɗauko mutuwa ya ajiye mini a saman kai, ni kuwa ban san ta inda zan fara buɗe masa baki ba.

Ya gama firamare bai samu wucewa gaba ba. Aka kai shi koyon gyaran rediyo, ya yi 'yan watanni ya gudu. Daga nan sai zaman kusurwa. Akwai wasu samari da suke taruwa a bakin gidan silima, sun tara gashi, sun sa wanduna masu buɗaɗɗen ƙafa suna share titi da su. Ba ƙungiya ba ce mai suna ko mai doka. Yau ka gan su da yawa, gobe rabi sun watse, jibi wasu sun ƙaru. Suna sayen tikiti su sayar a bayan fage, suna yi wa masu motoci lodi, suna busa abin da suke busawa. Kowace unguwa da irin nata, kuma in na nan suka haɗu da na wata unguwa a filin ƙwallo ko wajen biki, sai faɗa. Da can faɗan na gora ne da kwalba da sarƙar keke, a fasa kai, a je a ɗinke, a dawo. Amma tun da aka gama yaƙin basasa bindigogi suka shiga hannun mutane, maƙera ma suka koyi ƙera ƙanana. Ga masu neman kujera sun fara zagayowa da mota suna kiran yaran nan gefe.

Kafin azumin wannan shekarar, wata rana da la'asar ina tankaɗe, na ji ƙara sau ɗaya daga wajen silima. Na ɗauka tayar mota ce. Ashe wani yaron layinmu ne samarin wata unguwa suka harba a cinya. Ya rayu, amma har ya tsufa yana jan ƙafar. Tun daga ranar matan unguwa suke raɗa a bakin famfo cewa namu ma sun samo ƙarfe. Ni ma na sa baki, har ina cewa iyayen yaran nan ba sa sa ido. Madafata bango ɗaya ce da zaure, na kuma sha jin su ta bangon suna cewa ranar yawon Sallah za a rama. Na ɗauka cika baki ne na yara.

A wancan zamani ba a wasa da maganar bindiga. Wanda aka kama da ita aka haɗa shi da fashi, fili ake kai shi, a ɗaure shi jikin ganga, gari ya taru yana kallo a harbe shi. Ban taɓa zuwa ba, amma na ga masu dawowa suna ba da labari suna cin gyaɗa. Ina zaune bakin gadon nan, babu abin da nake gani sai wancan a jikin ganga.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in jefa ta a masai. Har na miƙe, sai na koma na zauna. Ba tasa ba ce shi kaɗai. Daga abin da na ji ta bango, na san ajiya aka ba shi, don an san ba namijin da zai shiga ɗakin matar aure ya yi bincike. In ta ɓace a hannunsa za su ce ya sayar ko ya kai wa 'yan sanda, kuma na san abin da yaran nan suke yi wa wanda suka kira maci amana. In na bar ta, ranar yawon Sallah ko ya kashe ɗan wani ko a kashe shi. In na kira ƙanen maigidana, zai ɗaure shi ya yi masa dukan da duk layi za su ji, kafin magariba magana ta kai inda ba a so.

Mutum ɗaya ne zai iya ɗauke wannan ajiya ba tare da an taɓa wancan ba, shi ne wanda ya ba shi. Kuma na san shi. Duk samarin kusurwar nan shi suke kallo kafin su motsa. Dogo ne, ƙaton gaske, kwandasta a tasha, in ya shigo layi masu tebur sai su rage murya. Ni kuwa na san shi tun ba shi da haƙori, don nonona ya sha.

Uwarsa ƙawata ce, 'yar ƙasa daga wani ƙauye kusa da Vom, Kirista, tana cikin matan da ke waƙa a majami'arsu. Gidan haya ɗaya muka zauna muna amare, muka haihu wata ɗaya. Ita sai zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ta asibiti, ta daɗe. Aka rasa yadda za a yi da jaririn, yana ta tsala kuka, sai surukata ta ɗauko shi ta ɗora mini a cinya ta ce, “Ga ɗan'uwan naki.” Na shayar da su tare har ta warke ta dawo. Duk wasan da kunya ta hana ni yi wa nawa, a kan nata na sauke. Shi nake cillawa sama, shi nake yi wa waƙa, shi nake goyawa in fita tsakar gida. Daga baya suka koma unguwar Jos Jarawa, amma shi ƙafarsa ba ta bar Kwararafa ba, Inna yake ce mini, kuma har ɗakina yake shiga. Sai dai tun da ya zama abin tsoro ya rage zuwa, in ya hango ni sai ya sauya hanya.

Tsakanina da uwarsa akwai kwano. Kowace Sallah ina aika mata, kowace Kirsimeti tana aiko mini. Kuma a Jos ta wancan lokaci kowa ya san ƙa'idar kwano: ba a tsayawa a jira shi, ba a kuma mayar da shi haka nan. Wanda aka kai wa zai wanke, ya riƙe har ya samu abin da zai zuba, ko 'yan tumatir ne, sannan ya mayar.

Na naɗe bindigar yadda na same ta, na mayar cikin fanteka, na ɗora a inda take. Mace ta ratsa gari da babban kwano a ranar da ba komai ba, sai an tambaye ta ina ake suna. Amma washegarin Sallah, ranar rabon nama, kowa da kwano yake yawo. Kwanakin da suka rage na yi su ne a ƙarƙashin abin nan. Na hana yara buga ƙofar ɗaki, na hana su guje-guje, don a tunanina ko tari mai ƙarfi aka yi za ta iya tashi. Maƙwabciyata har ta ce bana Sallah ta zo mini da sanyin hali.

Ran Sallah aka yanka rago, aka banƙare shi a bakin wuta. Washegari da sassafe muka datsa, na soya. Wancan ya fita da sabuwar rigarsa. Na kulle ɗaki, na naɗe bindigar da gwangwanin cikin takardar buhun siminti, na kwantar a ƙasan fanteka, na juye soyayyen nama a kai har ya yi tozo. Yara suka taso kowa yana so a aike shi Jarawa, don ƙawata tana ba da tukwici mai kyau. Na ce bana da kaina zan je.

Na shiga tasi na rungume fanteka a cinya. Ba mu yi nisa ba na tuna ban lura da inda na sa bakinta ya fuskanta ba. Ko cikina take kallo, ko ƙeyar direba. Duk ramin da motar ta faɗa sai na runtse ido na yi salati. Wata mata a gefena ta ce, “Baiwar Allah, ba ki saba shiga mota ba ne?” Na ce mata eh, ni matar direba.

A wata mahaɗa muka tarar da 'yan sanda sun tare hanya, suna sauke samari suna lalube su, saboda abin da ake ta raɗe-raɗinsa. Wani matashi a cikinsu ya leƙo ta taga, ya ga fanteka, ya washe baki.

“Madam, barka da Sallah. Ina na oga?”

“Barka kadai,” na ce. Na ɗaga murfin da kaina, na tsamo manyan tsoka na miƙa masa.

Ya karɓa yana dariya. Sai ya zuro ɗaya hannun ta taga. “Babu hanta? Hanta yana ƙasa, na sani.”

A nan ne halina ya yi mini rana. Tsoro ya tafi, faɗa ya zo. Na buge hannun da murfi na ce, “Kai ɗan nan, a gidanku haka aka koya maka, ka tona kwanon da aka aika wa wani? An ba ka, ka ce an gode mana.”

Mutanen motar suka kwashe da dariya, babbansu ma daga can ya yi masa tsawa. Ya janye hannu yana cewa, “Sori, Mama,” ya buga bayan motar muka wuce. Sai da muka sha kwana na tuna murfin yana hannuna, matar nan ta gefe ta taya ni rufewa.

Na samu ƙawata tana sheƙar acca a tsakar gida. Mijinta yana aikin shanu a Vom, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ta taso da murna tana mamakin ganina da kaina. Hausarta irin ta 'yan ƙasa ce, mace da namiji duk “ka” ne a bakinta, na daɗe da daina yi mata gyara.

“Yau kai da kanka? Yara sun yi yaji ne?”

“Mu shiga ɗaki,” na ce. “Ki rufe ƙofa.”

Na kwashe naman cikin tire, na warware takardar. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zame ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

“Na wane ne?”

“Nawa ne ya ɓoye. Naki ne ya ba shi.”

Ta ɗago a fusace. “Yarona yana zuwa coci.”

“Nawa ma yana sallah,” na ce.

Ita ce ta fara kuka, ni na biyo baya, muka yi mai isarmu ba mai rarrashin wani. Da muka share ido na gaya mata komai: maganar ramuwa gobe, da dalilin da ya hana ni jefa ta a masai. Na ce ba ɓacewar bindigar kaɗai nake nema ba. So nake naki ya tsaya a gaban yaran nan ya ce da bakinsa shi ya karɓi kayansa. In ba haka ba, nawa ne zai biya.

Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce yaron ya fi ƙarfinta tun tuni, wani lokaci sai ya yi mako bai kwana a gida ba, amma ƙamshin naman Sallah yakan kawo shi. Ta tura abin ƙarƙashin gado da ƙafa, ta ce, “Je ka gida. Bar kwano.”

Na dawo hannu sake, kuma zan iya cewa tafiyar dawowa ta fi ta zuwa nauyi. Da la'asar wancan ya shigo. Ina zaune ina tsince shinkafa, na ga inuwarsa a bakin ƙofar ɗaki. Ya ɗaga kai ya dubi saman kabad, inda fanteka ta bar gurbi. Ya daɗe a tsaye.

“Inna,” ya ce, “ina babban kwanon nan?”

Ban dube shi ba. Na ce wa ƙanwarsa, “Ki gaya wa wancan an kai nama Jarawa da shi.”

Ya san na gani, na san ya sani. Ya juya ya koma zaure. Aka kai masa tuwo aka dawo da shi bai taɓa ba.

Washegari ita ce ranar yawon Sallah. Yara sun yi ado sun cika titi, shi kuwa yana kwance a zaure ya juya wa ƙofa baya. Wajen azahar abokansa suka fara zuwa. Ina madafa, kunnena a bango. Na ji ana cewa, “Fito da ajiyar nan, lokaci ya yi.” Ya ce cikinsa ke ciwo, nama ya ɓata masa ciki. Suka ce ba cikinsa suka tambaya ba. Ya ce sai wanda ya ba shi ya zo. Suka ce tun jiya ba a gan shi ba. Wani mai kaushin murya ya ce, “In ka ci amana ka faɗa tun yanzu.” Na riƙe muciya da hannu biyu, na rantse a raina in suka taɓa shi zan fita, kunya ta tafi duk inda za ta. Allah ya sa suka tafi, suna cewa za su dawo.

Ban san yadda na wuni ba. Duk ƙarar da na ji sai gabana ya faɗi, ko murfin tukunya ne. Na yi ta zagin kaina da ƙawata. Na ce wa ya sani ko ɗanta ya ƙwace abinsa ya fita da shi. Har rana ta faɗi ba a ji harbi ba, ba a kuma ji labari daga Jarawa ba.

Da hantsin washegari yaran suka dawo, suka jeru a jikin katangar da ke kallon gidanmu. Ina shara a tsakar gida sai ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ta ce in zo in ga abin dariya. Na leƙa ta ƙofar zaure.

Ga shi nan tafe daga bakin layi, ƙaton nan da ake tsoro, da fantekata a kansa. An yi masa gammo da tsohon zane, gashin nan da yake taƙama da shi ya lotse. Yana tafe a hankali, hannu ɗaya a murfi, zufa tana bin wuyansa. Daga baya na ji a ƙafa ya taho tun daga Jarawa, uwarsa ta hana shi shiga mota. Masu tebur suka bar ciniki suna kallo. Ba wanda ya yi dariya sai wata tsohuwa mai ƙosai, ita kam har da tafi.

Da ya iso ƙofar gida ya tsaya, bai sauke kwanon ba. Ya juya ya dubi yaran da ke jikin katanga, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ni na karɓi kayana. Wanda yake da magana ya same ni a tasha.” Suka dubi juna. Ɗaya bayan ɗaya suka zame.

Ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa, ya sauke fanteka a gabana. Wancan ya biyo shi ya raɓe a jikin bango.

“Inna, Mama ta ce a gaishe ki. Ta ce a kawo kwano.”

Na kai hannu sau biyu ina janyewa. Ina tsoron in buɗe in ga an dawo mini da ita. Na yi bisimilla na ɗaga murfin. Tururi ya bugi fuskata. Gwate ne na acca, ya sha yakuwa da gauta da alayyahu, cike har baki. Na sa ludayi na juya har ƙasa, na sake juyawa. Babu komai sai gwate.

Kansa a sunkuye ya ce, “Ta ce in gaya miki da ƙotar abin nan aka hura wutar. Ƙarfen da gwangwanin kuma suna ƙasan tafkin kuza na bayan unguwarmu. Ni na jefa da hannuna, tana tsaye.”

Waɗannan tafkuna da masu haƙar kuza suka bari, ba a san zurfinsu ba, abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Na ji daɗi, na ji daɗin da ban ji irinsa ba ko ranar da na haifi 'ya'yana lafiya. Na tambaye shi yadda aka yi ya yarda.

“Da na ƙi,” ya ce. “Sai ta ce za ta zo ta ɗauke ki, ku biyu ku tsaya a bakin silima, ku buɗe ƙirji ku yi mini baki da nonon da na sha.” Ya ɗago kaɗan. “Inna, da za ki yi?”

“Da ni zan riga ta isa,” na ce.

Sai na kama kunnensa. Wannan kam ba ni da kunyarsa. Na murɗe kunnen nan da kyau, na fara. Na ce kai wane irin yaro ne da ba ka tausayin uwarka. Na ce ka san yadda ake kwana da ido biyu in ba ka shigo ba? Ka san kowace ƙara aka ji a titi sai hanjin uwarka ya kaɗa? Ka ɗauka don ba ta magana ba ta gani? Ka ɗauka don ba ta kiran sunanka ba ka a ranta? In aka ɗaure ka jikin ganga, wa kake so ya je ya karɓo gawarka? Na ce wahalar da aka sha a kanka ba don a miƙa ka ga ƙasa da ƙuruciyarka aka sha ta ba. Na yi ta yi har muryata ta dushe. Shi dai yana durƙushe yana cewa, “Ki yi haƙuri, Inna,” yana mamakin wasu maganganun, don uwarsa ba ta taɓa jin nauyin kiran sunansa ba. Ban dubi jikin bango ba ko sau ɗaya. Amma ina jin yadda ake jan hanci daga wajen.

Ba zan ce daga ranar suka zama malamai ba. Kusurwar silima ba ta watse ba, an ci gaba da fasa kawuna, kuma da siyasa ta kankama wasu bindigogin suka shigo. Mai kaushin muryar nan, bayan 'yan shekaru, a jikin ganga ya ƙare, uwarsa kuma mace ce mai kirki da muke ɗibar ruwa tare. Amma nawa biyun ba su kai can ba. Da maigidana ya dawo na sa ƙanwar wancan ta gaya masa yaron nan yana son bin mota, ya tafi da shi, bai kuma taɓa sanin dalili ba. Ɗan ƙawata kuwa ubansa ya ja shi Vom wajen shanu.

A ranar dai, da na saki kunnen, na ce a shimfiɗa tabarma. Na ce wa ƙanwarsa, “Ki gaya wa wancan ya zo su ci da ɗan'uwansa.” Suka zauna su biyu a gaban fanteka, ni ma na ɗebi nawa a ƙaramin kwano na koma gefe. Loma ɗaya na gane babu gishiri a ciki, ko ƙwaya. Ƙawata da duk Jarawa ake yabon gwatenta, ranar nan hankalinta ba ya kan tukunya. Ba wanda ya ce a miƙo gishiri. Wancan, da rabonsa da abinci tun ranar da kwanon ya bar gida, ya yi ta ci yana share ido da bayan hannu, har ya kai ƙasa, ya sa yatsa yana suɗe gefen fantekar. Ni kuwa na kau da kai, don kada a ga ina kallonsa.